Samaniyar Aro A Hotunanmu

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton dutse ko gona ko teku da rana tsaka ya san wannan matsala. In ƙasa ta fito sarai, sai samaniya ta koma fari fat kamar takarda. In kuwa aka bi ta samaniya har gajimare ya fito, sai itatuwa da mutane su zama baƙi ƙirin. Dalili shi ne idon ɗan Adam yana sauya kansa nan take tsakanin haske da duhu, ita kuwa kyamara ba ta iya ɗaukar tazarar duka a lokaci guda. Daga nan ne aikin haɗa samaniya da ƙasa ya samo asali. Abin da nake son mu duba, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, shi ne inda gyara ya tsaya da kuma inda ƙarya ta fara.

Kada wani ya ɗauka kwamfuta ce ta kawo wannan dabara. Tun a shekarun 1850 masu ɗaukar hoto suke fama da ita, domin sinadarin da suke shafawa a gilashin hoto yana saurin kama launin shuɗi, sai samaniya ta ƙone kafin ƙasa ta fito. Wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray ya yi fice a 1856 da 1857 da hotunan teku masu gajimare. Abin da ya yi a wasu daga cikinsu shi ne ya ɗauki ruwa a gilashi ɗaya, samaniya a wani gilashin, sannan ya wanke su a takarda guda, ya haɗa su daidai inda ruwa ya sadu da sama. Daga baya masana suka lura cewa gajimare ɗaya ya bayyana a hotunansa fiye da ɗaya, na wurare dabam-dabam. Ashe dai tun ranar farko gyara da aro tare suka taso.

Shi gyaran gaskiya ba abin kunya ba ne, sana'a ce, kuma tana da wuya. Mai hoto zai kafa kyamararsa kada ta motsa, ya ɗauki hoto biyu a jere: ɗaya ya auna hasken ƙasa, ɗaya ya auna hasken sama. A kwamfuta sai ya ɗora wannan bisa wancan, ya riƙa goge na saman a hankali har na ƙasan ya leƙo. Sirrin yana bakin iyaka. In aka yanke iyakar da kaifi kamar an sa almakashi, za ka ga wani farin zare ya kewaye ganyen itace da rufin gida da igiyar wutar lantarki, kuma ko yaro zai gane an taɓa hoton. Sai an sassauta gogewar ta tafi sannu-sannu. Akwai kuma abin da masu gaggawa ba sa lura da shi: samaniya ba launi ɗaya ba ce. Can tsakiya ta fi duhu, tana yin haske yayin da take gangarowa wajen ƙasa. Duwatsun da suke nesa su ma suna ɗaukar launinta, shi ya sa tsaunukan Idanre, in ka hango su daga nesa, suke yin shuɗi-shuɗi. Ruwa kuwa madubi ne. Ba zai yiwu sama ta yi ja na almuru ba alhali kogin da ke ƙarƙashinta yana nuna farin tsakar rana. Haka inuwa: in rana tana hannun dama a cikin gajimare, to inuwar mutum ba ta da dalilin faɗuwa dama.

Wanda ya kiyaye waɗannan, abin da ya yi kawai shi ne ya maido wa hoto abin da idonsa ya gani a wurin, a wannan minti. Ba ni da ja da shi. Ba ni ma da ja da wanda ya ƙara wa samaniyarsa duhu don ya fito da abin da ya ji a ransa. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma kwafin da ya riƙa wankewa a shekarun baya sun fi na farko duhun sama nesa ba kusa ba. Amma watan nasa ne, gajimaren ma nasa ne, a wurin ya same su.

Inda nake da ja shi ne abin da ya zama ruwan dare tun da manhajar Luminar ta fito da maɓallin sauya samaniya a 2019, Photoshop kuma ta biyo baya a 2020. Yanzu ba a buƙatar hoto na biyu. Manhajar tana zuwa da jerin samaniya iri-iri da wani ya ɗauka a wata ƙasa, kai dai ka zaɓa ka danna, ita za ta gyara bakin iyakar har ta sauya launin ƙasa ya dace. Aikin yana yin kyau ƙwarai, kuma kyawun nasa shi ne abin damuwa, domin farin zaren nan da yake tona asiri ya ɓace.

Mu ɗauki lokacin hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a Afirka ta Yamma. A Disamba da Janairu hazon yana kaiwa har Ibadan da Legas, wani lokaci ma sai an dakatar da tashin jiragen sama. A irin waɗannan ranaku samaniyarmu fara ce mai ruwan toka, rana tana zama kamar faifai, kana iya kallonta ba tare da ka runtse ido sosai ba. To, amma duba hotunan bukukuwan ƙarshen shekara da masu hoto suke miƙa wa mutane. Leɓen amarya ya bushe, ƙura ta kwanta a kan motoci, amma a bayansu ga shuɗi tas da gajimare fari sol kamar auduga. Wannan ba samaniyar Disambarmu ba ce. Mai hoto zai ce abin da mai biyan kuɗi yake so ke nan, kuma gaskiyarsa, ba a raba mutum da hanyar abincinsa. Sai dai ina tambaya, wa ya koya mana cewa hazo muni ne da ya kamata a share?

Mu da muke nazarin harshe ya kamata abin ya fi damunmu. Malamanmu suna nanata mana cewa in ka naɗi maganar Basakkwace ya ce "shina zuwa", ba ka da ikon mayar da ita "yana zuwa" don ta yi daidai da Hausar littafi. Kana iya cire ƙarar babur da ta shiga faifan, amma ba ka sauya masa baki. Hoto ma shaida ce irin wannan. Kuma Hausa ta bambanta hazo da buji, ta bambanta gajimare da hadari. Mu da muka koyi harshen a aji, da hoto aka fara nuna wa da yawanmu waɗannan bambance-bambance kafin mu je Arewa mu gani da ido. In duk hotunan Dutsen Zuma da na ganuwar Kano suka koma ɗauke da samaniya iri ɗaya, da me za a nuna wa na bayanmu?

'Yan jarida sun daɗe da shata wannan iyaka. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da juna don su shiga bangonta, aka yi ta sukarta shekara da shekaru. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj bayan an gano ya ƙara yawan hayaƙi da duhunsa a sararin birnin Beirut, ya kuma janye hotunansa 920 daga rumbunsa. 

Ban ce a hana kowa wasa da hotonsa ba. Mai yin katin gayyata ko bangon littafin soyayya ya sa samaniyar da ya ga dama, kowa ya san ado ne. Amma hoton da zai shiga kundin bincike, ko rahoton ziyarar ilimi da ɗalibai suka kai Dutsen Olumo, ko shafin wannan mujalla, ina ba da shawarar a karɓi wanda aka haɗa daga hotuna biyu na wuri ɗaya da lokaci ɗaya kaɗai. In kuwa an aro samaniyar, to a rubuta haka a ƙarƙashinsa, kusa da sunan wurin da kwanan wata.