LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon da Haƙora Ke Tona Asirinsa

Masu karatu, a wannan wata za mu yi zance a kan wani ciwo wanda mai shi yakan ɓoye har ga uwar da ta haife shi. Ya fi kama 'yan mata, ko da yake samari ma ba su tsira ba. Yarinya takan ji tsoron ƙiba ƙwarai, har ta shiga yi wa cikinta horo. Wata takan ƙi abinci har ta rame kamar kara. Likitoci suna ce da wannan anoreksiya. Wata kuwa takan ci da yawa a ɓoye, ta kāsa tsayawa, sa'an nan ta zaga bayan gida ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar. Wannan shi ne bulimiya, wanda wani likita a Landan, Gerald Russell, ya bayyana a 1979. Mai bulimiya sau da yawa ba ta rame ba, shi ya sa akan yi shekaru ba wanda ya gane. Amma bakinta yakan nuna.

Ga yadda abin yake. Dukanmu mun san yadda haƙora kan mutu in mun sha ɗanyar tsamiya ko lemun tsami. To, ruwan da ke cikin tumbinmu, mai narkar da abinci, ya fi waɗannan tsami. Tumbi yana da majina mai tsare shi daga ruwan nan, haƙori kuwa ba shi da ita. Duk lokacin da aka yi amai, ruwan yakan wanke haƙora, ya ɗan ci farin ɓawon da ke rufe su. Ɓawon nan shi ne abu mafi tauri a jikin mutum duka, amma in ya tafi ya tafi ke nan, ba ya sāke tohowa.

Ɓarnar takan soma ta bayan haƙoran gaba na sama, wajen da madubi ba ya nunawa. Na ƙasa sukan ɗan tsira, gama harshe yana rufe su. A hankali haƙoran su yi siriri, su koma rawaya, bakinsu ya riƙa gutsurewa, ruwan randa ma ya gagare ta sha don zafi. Wani lokaci kumatu sukan kumbura a gindin kunne, sai a ce hangum ne, alhali kuwa wurin da ke yin miyau ne ya kumbura. Akan ga kanta a bayan yatsu, inda haƙora ke gogawa. Wadda ke ƙin abinci kuma bakinta yakan bushe, dasashi ya riƙa jini, gefen leɓe ya tsage. Miyau kuwa shi ne mai wanke baki dare da rana, in ya ƙaranta sai haƙora su yi ta kogo.

Akwai kuskure guda da muke so a kiyaye. Wanda ya yi amai yakan yi maza ya ɗauki buroshi ko asuwaki. Kada a yi haka. A lokacin nan ɓawon ya yi laushi, gogewa ƙara kankare shi take yi. A kurkure baki da ruwa sosai, a dakata kamar awa guda, kāna a goge da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Wannan shawara ta shafi mata masu laulayin ciki ma, ko da yake nasu aman dabam ne.

Iyaye, in kun ga alamun nan, ku bar bulala da gori. Ba iskanci ba ne, ba kuwa tsirfa ba. Ciwo ne na tunani da jiki, yana kuwa iya kisa, gama yawan amai yakan zubar da gishirin jiki har bugun zuciya ya rikice. Uwa ko gwaggo ta zauna da yarinyar su biyu, ta tambaye ta a hankali. Sa'an nan a kai ta asibiti. Likitan haƙori zai tsare abin da ya ragu na haƙoran, amma cikon da ya yi ba zai daɗe ba muddin aman bai tsaya ba. Saboda haka sai a roƙe shi ya haɗa ku da likitan da ke duba ciwon tunani, a bi magani biyun tare.