Firinta ɗaya ta ishi gida guda



Lokacin furojet ya matso, kuma mun san yadda abin yake a gidajen haya na bayan makaranta: ɗalibai shida ko bakwai, kowa da laftof ɗinsa, firinta kuwa ɗaya tak a ɗakin wanda Allah ya hore wa. Duk mai son buga takarda sai ya zuba aikinsa a filash ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Filash ɗin nan kuma ta gama zagaye shagunan buga takardu na bakin get, ta kwaso cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar wa mutum shotkot. Haka babi na uku yake salwanta ana saura kwana biyu a kai wa sufabaiza.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, haɗa kwamfutocin gida ɗaya ba ya cin data. Rauta ko MiFi ɗin da muka jefa a durowa don data ta ƙare, da zarar an kunna ta za ta raba wa kowace na'ura lambarta, irin su 192.168.1.5, kuma na'urorin su riƙa ganin juna. Intanet ƙofar fita waje ce, zirga-zirgar tsakar gida ba ruwanta da ita. Ai mun saba da hakan a Xender: waya ɗaya ta buɗe Wi-Fi, ɗaya ta shiga, fim ya wuce ba a taɓa ko megabait ɗaya ba.

A Windows 10 da 11, bayan kowa ya shiga Wi-Fi ɗin, sai ya mayar da shi "Private" a saitin netwok. Nan ne aka fi maƙalewa, domin muddin yana kan "Public" kwamfuta ɓoye kanta take yi, a yi ta nemanta ba a gani. Daga nan a kunna "Network discovery" da "File and printer sharing". Idan bidiyon da kuke bi a YouTube yana maganar HomeGroup, ku rufe shi, tun 2018 Microsoft ta cire wannan tsari.

Mai firinta zai buɗe "Printer properties", ya shiga "Sharing", ya ba ta gajeren suna. Sauran su danna maɓallin Windows tare da R, su rubuta \\ haɗe da sunan kwamfutarsa, su danna firintar sau biyu. Sai dai fa idan da wayar USB aka jona ta, dole laftof ɗinsa ya kasance a kunne, ba barci yake ba. Ranar da ya tafi lakca da shi, kowa ya haƙura. Firintar da ke da Wi-Fi nata na kanta ba ta da wannan matsala. Mai leza kuma tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, kada a yi mamaki in ƙaramin janareta ya yi gurnani.

Batun fayiloli shi ne inda muke so a nutsu. A buɗe folda ɗaya kawai, a sa mata suna kamar "Na kowa", ita kaɗai za a raba. Kada son sauƙi ya sa wani ya buɗe diraif C gaba ɗaya: hotunan gida, takardun banki da sakamakon jarrabawa duk suna ciki, kuma abokin zama na yau ba lallai ya zama aminin gobe ba. Izini iri biyu ne, na karantawa kawai, da na karantawa da gyarawa. Na farko ya wadatar ga handawut da tsofaffin tambayoyi, domin wanda aka ba na biyu zai iya goge aikin wani ko da bisa kuskure. A bar "Password protected sharing" a kunne, a buɗe wa mutanen gida asusu daban mai kalmar sirri tasa. Ita ma rautar a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, in ba haka ba har maƙwabta sun zama 'yan gida.

Wani zai ce a kunna SMB 1.0 don tsohuwar kwamfuta ta ga sauran. Mu dai ba mu goyi baya ba. Ta wannan tsohuwar kafa WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila.

Saura abin da Windows ba ta da saitinsa: wa zai sayi tawada da takarda? Rim ɗaya falle 500 ne, furojet uku da gyare-gyarensu sun isa su cinye shi. Kafin a ba kowa sunan firintar, a ajiye littafi da biro a gefenta, duk wanda ya zo ɗaukar takardunsa ya rubuta shafi nawa ya buga, a yi lissafi ranar Juma'a.