Zuwa ga Maginan Gidan Sori: Bangon da Ƙasa ke Turawa

Ga iyayen gida, magina da masu ɗaurin ƙarfe na Gidan Sori, Gidan Rumji, Agye da Gazawa.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba abin yayi ba ne a wannan yanki. Amma duk maginin da ya taɓa yin ramin shadda, ko tankin ruwa na binnewa, ko bangon bakin kwalbati, ko katangar tare gaɓar korama, ya san irin ginin da ake magana a kai: bangon kankare mai ƙarfe wanda ƙasa ke turawa ta gefe guda dare da rana. Katangar gida kanta kawai take ɗauka. Wannan kuwa dako yake yi, kuma ba a sauke masa.

Lissafin turin ƙasa tsoho ne, tun 1776 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Coulomb ya wallafa shi. A bango mai tsayin mita 3, busasshen rairayi yana tura kowace mita guda ta tsawonsa da ƙarfin da ya kusa tan 3. In ruwa ya cika ƙasar har sama, turin ya kai wajen tan 6, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan duk aikin ruwa ne. Tsayi ma yana da sharrinsa. In an ninka shi, turi ya ninku sau 4, ƙarfin da ke neman kifar da bango kuma sau 8. Don haka mai gida da ya ce a ƙara masa mita ɗaya a kan tushen da aka riga aka zuba, sabon gini yake nema, ko da bai sani ba.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a ba su labarin ruwa. Ambaliyar Gulbi ce ta cinye tsohon garin Maradi a 1945, har aka koma kan tudu. A ƙarshen watan Agustan 2024 ruwan yini guda ya kashe aƙalla mutum 15 a birnin. Gulbin da ke ratsa ƙasar Tibiri da Gidan Rumji yakan kwanta shiru da rani, shi ya sa wanda ya haƙa rami cikin fadama a watan Maris yake ganin ƙasa ƙamas, ya yi awonsa a kan haka. Ƙasar Agusta ya kamata ya yi wa gini.

Injiniya kan yi wa irin wannan bango tambaya uku: zai kife, zai zame gaba, ko ƙasar da ke ƙarƙashinsa za ta lotsa? Bisa al'ada ana son ƙarfin riƙo ya fi na zamewa sau ɗaya da rabi, ya fi na kifewa kamar sau biyu. Amsar tana cikin tushe, musamman ɓangarensa da ya miƙa ta bayan bango ƙarƙashin ciko, domin nauyin ƙasar da ke zaune a kai shi ke danne ginin. Wanda ya rage faɗin tushe don tsimin buhu uku na siminti ya rage wannan danniya.

Sai maganar ƙarfe, inda ƙwararru ma kan yi tuntuɓe. Kankare jarumi ne in an danne shi, rago ne in an ja shi, saboda haka ƙarfe yana zama a fuskar da ake ja. Bangon da ke tsaye shi kaɗai, babu abin da ya riƙe kansa, ta gefen ƙasa ake jansa, kuma a gindi abin ya fi tsanani. Bangon da rufin kankare ya tokare samansa, kamar na tanki ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yakan lanƙwasa ciki ne a tsakiya, sai ƙarfen fuskar ciki ya zama mai ɗaukar wahala a wurin. Jera ƙarfe a tsakiyar kauri don a raba gardama bai gamsar da ko ɗaya ba. Kuma irin wannan bango na biyu ba a cika masa baya sai rufinsa ya kama, komai matsin mai gida. Kankare kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, yana kuma son ban ruwa aƙalla kwana 7, balle a lokacin bazara ko hunturu.

Simintin Malbaza ne ko na Dangote, buhu 7 masu kilo 50 ake sa wa kowace kubik mita ɗaya ta kankare (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), wato kilo 350, da tsakuwa da rairayi marar laka. A bar kankare mai kaurin santimita 4 zuwa 5 tsakanin ƙarfe da ƙasa.

Abin da ya fi araha shi aka fi mantawa, wato hanyar ruwa. Bangon fili ana huda masa ƙofofi da guntayen bututu kusa da gindi, duk bayan mita ɗaya da rabi ko biyu. Na ɗaki ko tanki ana shafe bayansa da kwalta, a kwantar da bututu mai huji a gindinsa zuwa inda ruwa zai fice. A duka biyun tsakuwa ce ke bin jikin bango, ba lakar da aka tono daga ramin ba. Ciko kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa ana daɓewa, motar yashi ba ta tsayawa a bakinsa.

Bangon da ya riga ya tsaya ana duba shi kafin damina da bayanta. A saki igiya mai nauyi daga samansa a ga ko ya karkata. Tsagar da ta kwanta a gicciye ta fi ta tsaye ban tsoro, haka ma jan tabon tsatsa da ƙasar da ta lotsa a bayansa. A liƙa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In liƙin ya tsage, bangon yana tafiya ne, sai a kwashe mutane daga gabansa, a rage ƙasar bayansa daga sama, a kira injiniya kafin wani hadari ya haɗu.