Ba Injin Ne Ya Ɓata Maka Allo Ba, Fayil Ɗinka Ne



Yau ba lallashi zan yi ba. Kai da kake zanen allunan talla a PixelLab ko Canva a wayarka kana karɓar kuɗin mutane, da kai nake. Ka zana tambarin shago, ka ɗauki sikirinshot, ka tura ta WhatsApp, ka ce a buga a sitika, a manna a allon roba, a yanke maka daidai gefen hoton da injin CNC. Aiki ya fito, yanka ya cinye rabin harafi, ɗaya gefen kuma farin allo ya leƙo. Mai kaya ya ce ba zai karɓa ba. Sai ka hau faɗin wai injin ɗan China ne, ba shi da kyau. Malam, dakata.

Injin nan makaho ne, ba ya ganin hotonka. Layi yake bi. Hoton JPG ko PNG tarin ɗigo-ɗigon kala ne kawai, babu inda aka rubuta a ciki cewa nan ne gefe. Abin da injin ke so shi ne layin bekta, wato layin da aka ajiye da lissafi: daga nan zuwa can, milimita kaza. Ana zana shi a CorelDRAW ko Illustrator, ko Inkscape wanda kyauta ne, a fitar da shi a SVG ko DXF ko PDF. Daga nan manhaja irin VCarve ko ArtCAM ta mayar da shi G-code, yaren da injin ke ji. Kai kuwa hoto ka tura, WhatsApp ya matse shi ya rage masa inganci. In mai inji ya bi gefen wannan hoton ya fitar da layi, dole yanka ya fito kamar cin ɓera.

To a ce ma layinka ya yi kyau. Saura babbar matsalar, wadda kusan kowa ke tsallakewa: wani inji ne ya buga, wani daban ne zai yanka. Ta yaya mai yankan zai san inda hoton ya kwanta a kan teburinsa? Cikakken allo ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato milimita 1220 a 2440. In ka ajiye shi da karkata ta digiri 1 kacal, wadda ido ba zai kama ba, kafin a kai ɗaya ƙarshen kuskuren ya haura santimita 4. Ga shi sitika tana ɗan miƙewa da zafi da kuma jan hannu wajen mannawa.

Maganin ba wani tsafi ba ne. Baƙaƙen ɗigogi uku ko huɗu ake sawa a kusurwoyin zanen, a buga su tare da hoton, su kuma kasance a daidai wuraren nan a fayil ɗin yanka. Inji mai kyamara zai je ya karanta su, manhajar ta juya layin, ta matsar da shi, ta gyara miƙewar, ya hau kan hoton cif.

Kai ma oga mai inji ban ƙyale ka ba. Ka zuba miliyoyi ka sayi inji, amma har yau da ido da tef kake saita allo, kana cewa "ai namu ba mai kyamara ba ne". Wannan ba hujja ba ce wallahi. Sauke bakin yankan a tsakiyar ɗigo na farko ka rubuta lambobin X da Y, ka je na biyu ka rubuta, ka ga karkatar, ka juya zanen daidai da ita. A Mach3 ma akwai umarnin G68 da aka yi don juya aikin. Mintuna kaɗan ne. Wanne ya fi, su ko biyan sabon allo da sabon bugu daga aljihunka?

Na san akwai masu cewa yaro da zarton lantarki ya fi duk wannan sauri. In allo ɗaya ne, na yarda. Amma bari lokacin siyasa ya zo a kawo maka guda 50 iri ɗaya, a ce gobe da safe ake so, sannan mu yi magana.

Mu koma kanka mai zane. Kada kalarka ta tsaya daidai kan layin yanka, ka bar ta ta zarce waje da kamar milimita 3, don ko an samu ɗan kuskure farin allo ba zai fito ba. Ka kuma tuna bakin yankan zagayayye ne, yana da kauri. Mai milimita 6 ba zai taɓa ba ka lungu mai tsini ba, kuma waɗannan siraran jelolin rubutun da kake ƙawa da su karyewa za su yi. Tambayi mai injin kaurin bakinsa tun kafin ka fara zane. Shi kuma ya yanka ta wajen layi, ya bar ƴan ƙananan mahaɗai da za su riƙe abin kada ya motsa ana dab da gamawa.

Idan za ka tura aiki na gaba, fayil biyu za ka tura, na bugu da na yanka, girmansu ɗaya, ɗigoginsu ɗaya. Ka tura su ta Document, ba ta wajen hotuna ba. Ka gaya wa mai bugu kada ya rage ko ya ƙara girma ko da kaɗan ne don ya shiga faɗin sitikarsa. In an ɗora allo, ka ce a fara zagaya layin a sama ba tare da bakin ya taɓa ba, kana tsaye kana kallo, sannan a sauke.