Dashen ɓargo: jini ne ke raba baƙi da fari, ko kuwa aljihu?

Duk wanda ya taɓa kwana gida ɗaya da yaro mai amosanin jini, cutar da muka fi sani da suna emasi, ya san abin da daren hunturu ke nufi. Yaro na murƙususu, ƙashi na sara, uwa na gasa masa ƙafa da tsumma mai ɗumi, uba na lissafin kuɗin magani. Abin da yawancin iyayen nan ba su sani ba shi ne akwai aikin da ke raba mutum da wannan cuta har abada, kuma likitoci sun tabbatar da haka tun shekara ta 1984, bayan an yi wa wata yarinya a Amurka. Sunan aikin dashen ɓargo. A wannan mako za mu duba su wa ke samunsa, su wa kuma ake bari a bakin ƙofa.

Ɓargo shi ne masaƙar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da za mu iya kira iyayen jini, domin su ne ke haifar jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da zubar jini. Idan masaƙar ta lalace, kamar ta mai sankarar jini, ko kuwa an haifi mutum da ita da aibi, kamar ta mai emasi, likitoci sukan kashe ta da magani mai ƙarfi, sannan su ɗura wa majinyaci iyayen jinin wani mai lafiya ta jijiya, tamkar ƙarin jini. Ba fiɗa ba ce. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanyar ƙashi su zauna, bayan mako biyu zuwa huɗu su kama aiki.

Wahalar tana wajen dacewa. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu shaidu a jikin ƙwayoyinsa, irin shaidar da makiyayi ke yi wa raƙumansa, kuma da su ne jiki ke rarrabe nasa da baƙo. Likitan Faransa Jean Dausset ne ya gano ta farko a 1958, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1980. Ana kiran su HLA, kuma ba su da alaƙa da rukunin jini na A da B da O da aka saba ji. Idan shaidun mai bayarwa suka saɓa da na mai karɓa, ko dai jiki ya kori dashen, ko kuma sabon ɓargon ya juya ya far wa mai masaukinsa, ya ci fata da hanta da hanji. Rabin shaidun nan daga uwa ake gadonsu, rabi daga uba. Shi ya sa ko shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, sa'ar dacewarsa ɗaya ce cikin huɗu. A Turai da Amurka, inda haihuwa ba ta da yawa, wajen majinyata 7 cikin 10 ba su da wanda ya dace da su a gida.

Don haka aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo sadaka. Faransa ta kafa tata a 1986 bisa himmar Dausset da Jean Bernard, Amurka ma a daidai wannan zamani. Yau in aka haɗa rajistocin duniya, sunayen sun haura miliyon 40. Mutum zai ce ai a cikin wannan taro babu wanda zai rasa nasa. To ga abin da wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2014 ya nuna game da rajistar Amurka: Bature mai asalin Turai yana da sa'a kashi 75 cikin 100 ta samun wanda ya dace da shi sarai, baƙar fatar Amurka kuwa kashi 19 kacal. Daga baya hukumar rajistar ta ba da wasu alƙaluma, 79 da 29. An ɗan matsa, amma ramin yana nan. Kada mai karatu ya yi mamakin ganin alƙaluman Amurka a jaridar da ake bugawa da Faransanci: dokar Faransa ta ƙuntata ƙidayar mutane bisa launi ko ƙabila, kuma abin da ba a ƙidaya ba da wuya a yi ƙorafi a kansa.

Dalili na farko na halitta ne, babu laifin kowa. Afirka ce tushen ɗan Adam, saboda haka a nan ne shaidun suka fi yawan iri. Waɗanda suka fita daga nahiyar a zamanin da, kaɗan suka ɗiba daga cikin rumbun. Baƙar fatar Amurka kuma, cinikin bayi ya gauraya jinin Yarbawa da na Mandinko da na mutanen Kwango da na Turawan da suka mallake su, har aka samu haɗe-haɗen da ba kasafai ake ganin biyunsu ba. Dalili na biyu shi ne ƙarancin baƙaƙe a cikin rajistar, kuma wannan yana da tarihi. Daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee cikin jihar Alabama, hukumar lafiyar gwamnatin Amurka ta bar baƙaƙe wajen 400 masu ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum, alhali an samu fenisilin tun cikin shekarun 1940. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jikokin mutanen nan ne ake cewa su zo su ba da jininsu a rubuta.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce ƙaddara ce da tarihi. Amma akwai wata sankarar ɓargo da ake kira miyeloma, wadda ke kama baƙar fatar Amurka wajen ninki biyu fiye da Turawa. Dashen da ake yi mata ba ya bukatar kowa: a ɗebi iyayen jinin majinyacin da kansa, a adana su cikin sanyi, a ba shi magani, a mayar masa da abinsa. Babu rajista, babu neman dacewa. Duk da haka bincike bayan bincike ya nuna baƙaƙe ba su samun wannan dashe kamar yadda Turawa ke samu. A nan wane jini za a ɗora wa laifi? A 2019 kuma aka duba majinyatan asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, inda kowa ke samun magani ba tare da an dubi aljihunsa ba, sai aka tarar baƙaƙe masu miyeloma ba su gaza Turawa wajen tsawon rai ba, ƴan ƙasa da shekara 65 ma sun ɗara su.

A ganina wannan ya warware gardamar. Dashe aiki ne na manyan asibitocin birni. Sai likitan unguwa ya tura mutum da wuri, sai yana da inshorar da za ta ɗauki kuɗin, sai kuma ya samu ɗan uwan da zai bar aikinsa ya zauna da shi dare da rana wajen kwana 100 kusa da asibitin. Wanda ke ci daga aikin yini ba ya iya wannan, kuma a Amurka talauci ya san gidan da ya fi zama.

Ilimi dai ya yi nasa. Likitocin jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2008 cewa in aka ba majinyaci maganin cyclophosphamide, tsohon magani mai araha, a kwana na uku da na huɗu bayan dashe, ana iya amfani da wanda rabin shaidunsa kawai suka dace. Uwa da uba da ɗa kuwa kullum rabi suke dacewa. Watau kusan kowa ya samu mai ba shi. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake gyara iyayen jinin mai emasi a ɗakin bincike a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyon 2,2, sama da miliyar ɗaya na sefa, ga mutum guda. Masu emasi a Amurka wajen 100.000 ne, mafi yawan jariran da ake haifa da cutar a duniya kuwa a Afirka kudu da Sahara suke.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, kuma ta iso a juye. Baƙar fatar Amurka yana da asibiti, ya rasa mai ba shi. Mu kuwa mai bayarwa yana tsakar gida yana wasa. Ku yi lissafin tare da ni. In uwa da uba duka AS ne, kowane shaƙiƙin yaro mai emasi yana da sa'a 3 cikin 16 ta ya dace da shi kuma ya kasance shi ba SS ba ne. Mai AS yana iya bayarwa. Yaron da ke da shaƙiƙai shida, abin da ba baƙo ba ne a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, sa'arsa ta kai wajen kashi 70 cikin 100. Kuma irin wannan dashe na shaƙiƙi shi ne mafi kyawun sakamako: ƙidayar majinyata 1.000 da Farfesa Eliane Gluckman ta Paris ta jagoranta, aka buga a 2017, ta nuna fiye da kashi 90 suna raye babu cutar bayan shekara biyar. Ban ce babu haɗari ba. Wasu sukan mutu, kuma maganin da ke kashe tsohon ɓargo yakan hana haihuwa, abin da ya wajaba a faɗa wa iyaye ƙarara kafin su sayar da gona.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta yi dashenta na farko a 2011, a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, ga wani yaro mai emasi, da ɓargon ɗan uwansa. Legas ta bi sahu a 2024. A Yamai muna da cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi, amma mai neman dashe sai ya ƙetare iyaka da jakar kuɗi. Kafin a yi maganar ɗakin dashe, akwai bukatar awon HLA, da bankin jinin da ba ya yankewa, da ɗakin jinyar da ƙura da ɗaukewar lantarki ba su shiga. A gidan mai mata biyu ko uku kuwa, a lura: ɗan uba ba ya shiga lissafin ɗaya cikin huɗu, amma a sabuwar hanyar rabin dacewa sa'arsa ɗaya ce cikin biyu. Gwajin da aka yi a Amurka kan manya masu emasi ta wannan hanya, wanda aka buga a 2025, ya nuna kashi 95 cikin 100 suna raye bayan shekara biyu.