Furen da Ranar Yauri Ba Ta Kashewa

A wannan watan za mu leƙa wurin nan na tsakar gidanki da rana ke duka tun hantsi har la'asar, inda ko tabarma ba a shimfiɗawa. Mata da yawa sun fid da rai da irin wannan wuri, alhali akwai furannin da nan suka fi so. Ina nufin furanni 'yan shekara ɗaya, masu rayuwa irin ta gero: a shuka, su yi fure, su ba da iri, su mutu.

Kada hoton jikin fakitin iri ya ruɗe ki. Da yawa daga irin da ake kawowa daga Turai na ƙasashen sanyi ne. A nan kuwa, daga Yelwa zuwa Shanga har Wara, zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40. Kuɗin cefane ne kawai za ki zuba a ƙasa.

Wanda na fi ba ki shawara shi ne ziniya. Asalinta daga Meksiko ne, tana son ranar awa shida ko fiye, kuma cikin kamar kwana 60 za ki ga ja, ɗorawa, fari da ruwan hoda. Ba ta son dashe, don haka ki shuka ta a inda za ta zauna, ki bar tazarar taki ɗaya na hannu tsakaninsu. In za ki ba ta ruwa, a gindi za ki zuba, domin jiƙa ganye kullum na jawo mata farin ƙura-ƙura mai kama da toka. Kuma kada ki ji tausayin tsinkar furen, tsinkar ce ke sa ta fitar da wasu rassan. Marigol, mai ruwan ɗorawa da ɗan wari a ganye, shi kam yana karɓar dashe kamar albasa.

In ɗiban ruwa na ba ki wahala, nemi fotulaka, mai kaurin ganye, wanda wasu ke kira furen ƙarfe goma don sai rana ta ɗaga yake buɗewa. Reshe ɗaya daga wurin maƙwabciya ya isa. Ki soka shi a yashi cikin fasasshiyar tukunya, zai kama. Yawan ruwa ne ma ke ruɓar da shi. Akwai kuma silosiya mai fure kamar zankon zakara, dangin alayyafo ce. Kada kuma ki raina yakuwarmu ta gida: layi ɗaya a jikin katanga zai ba ki fure, ya ba ki ganyen miya, ya ba ki zoɓo.

Sai maganar lokaci, a nan ake yawan yin asara. Ki bari damina ta zauna, wajen watan Yuni, kafin ki shuka. In kina da rijiya ko famfo, ki sake wata shukar da ruwa ya ɗauke, lokacin da manoman albasa ke gyaran fangali, sai ki sha kallo da hunturu. Shukar Fabrairu kuwa, zafin bazara ne zai tarar da ita tana jaririya.

Ke da ke bakin tafki, kin fi ni sanin cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ruwan nan hawa yake yana sauka kowace shekara. Ki shuka sama da inda ya saba tsayawa. In ƙasarki laka ce mai riƙe ruwa, ki tayar da kunya, ki gauraya da yashi da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe. Kada takin ya yi yawa, sai ki samu ganye shar babu fure. Ki kuma kewaye da kara ko ƙaya, don akuya da kaji ba su san ado ba.

Akwai wanda ban yarda ki bari a gidan da yara suke ba, wato zaƙami, mai farin fure kamar kakaki. Shi ma rana yake so, yakan fito da kansa a juji, amma ganye da 'ya'yansa guba ne. Ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Da kin gan shi ki tumɓuke, ki wanke hannu.

In furen ziniya ko marigol ya bushe a jikin uwarsa, ki murje shi, ki ƙulle irin a takarda, ba a leda ba, ki ajiye inda babu laima sai baɗi.