Akuri, zaƙin da ba ya buƙatar sukari

Lokacin ɗari ne magarya ke nuna a dajin Arewa, tun daga Matankari har Tibiri. Iyayenmu mata ba su barin ta ta zube a banza, akuri suke yi da ita.

Ga yadda ake yi. A tsince ƴaƴan da suka yi ja, a shanya su bushe ƙayau. A daka cikin turmi sannu-sannu, don kada ƙwallon ya fashe ya ɓata garin. A tankaɗe, a yayyafa ruwa kaɗan, a dunƙule cikin ƙyalle mai tsabta, a turara kamar dambu. In ya sha iska, yana daɗewa bai lalace ba, babu sukari, babu firigo.

Yau ma'aikaci na sayen biskitin waje da tsada, alhali motocin Yamai zuwa Birnin Ƙonni na ratsa Dogon Dutsi kullum, cike da matafiya masu neman tsaraba. Ƴan kasuwa, ga haja a ƙofar gida. Amma in muka bar gatari ya ƙare magarya don itacen wuta, da me jikokinmu za su yi akuri?